Amsa ga ƙanwata mai shirin zuwa karatu Ajantina

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce kin samu gurbin digiri na biyu a Jami'ar Buenos Aires, amma Umma ta kafe, domin an gaya mata ƙasa ce da ake kashe mata kullum, kuma maza na auren maza. Ki gaishe min da ita. Ba zan ce tsoronta na banza ba ne, don duka biyun da gaskiya a ciki, sai dai ba yadda aka kai mata labarin ba.

A wani ɗan fili kusa da gidan da nake haya akwai benci da aka shafa wa jan fenti. Watanni ina wuce shi kafin Sifaniyancina ya kai in karanta abin da ke rubuce a jikinsa: tunawa da matan da waɗanda ke cewa suna son su suka kashe. Irinsa na nan birjik a jami'o'i da asibitoci. Kotun Ƙolin ƙasar tana fitar da ƙididdiga duk shekara, kuma matan da ake kashewa don kasancewarsu mata sun haura 200 a shekara. Yawancin masu kisan miji ne ko saurayi ko wanda aka rabu da shi, kuma a cikin gida. Wannan shi ne abin da nake so Umma ta gane. Haɗarin ba baƙon da ke laɓe a lungu ba ne, mutumin da ya san ƙofar ɗakinki ne.

Abin da ya sa labarin ke kai wa har Kano shi ne matan nan sun daina rufa asiri. A watan Mayun 2015 aka tono gawar Chiara Páez a garin Rufino, yarinya 'yar shekara 14 mai ciki, saurayinta ya kashe ta ya binne a tsakar gida. Ranar 3 ga Yuni mutane suka cika gaban majalisar dokoki da taken Ni Una Menos, wato kada a sake rasa ko mace ɗaya. Har yau duk 3 ga Yuni ana fita. Na je sau ɗaya da hijabina. Wata dattijuwa riƙe da hoton 'yarta a ƙirji ta kama hannuna ba ta ce komai ba, ni ma ban iya cewa komai ba. Na tuna matan unguwarmu da ake ce wa "yi haƙuri, zaman aure ibada ne" alhali fuska a kumbure, na dawo gida na kasa cin abinci.

Dokoki kam akwai su. Tun 2012 kisan mace irin wannan hukuncinsa ɗaurin rai-da-rai ne. Bayan an kashe Micaela García a 2017, wanda ya kashe ta kuwa mai fyaɗe ne da alƙali ya saki kafin wa'adinsa ya cika, aka yi dokar da ta tilasta wa ma'aikatan gwamnati, har da alƙalai, karɓar horo kan cin zarafin mata. Akwai layin waya 144 na neman shawara, da 911 na gaggawa. Ki sa su a wayarki tun a filin jirgi. Amma kada ki ɗauka doka ta gama aiki. Mata da dama sun kai ƙara kafin a kashe su. Gwamnatin shugaban ƙasa Javier Milei da ta hau a Disambar 2023 ta rushe ma'aikatar mata, ta rage kuɗin shirye-shiryen tallafi, kuma ƙawayena na nan suna jin zafin hakan ƙwarai.

Sai maganar auren jinsi. Gaskiya ne, tun Yulin 2010 doka ta halatta shi, Ajantina ce ta farko a yankin Latin Amurka, a 2012 kuma aka ba mutum damar sauya jinsin da ke katin shaidarsa. Za ki ga maza biyu riƙe da hannun juna a jirgin ƙasa, mai yiwuwa malamar da za ta duba aikinki mace take aure. Ke da kika fito daga inda hukuncinsa shekara 14 ne a kurkuku, abin zai daki ƙirjinki da farko. Babu wanda zai ce ki bar addininki. Ni ba a taɓa ce min ba. Abin da ake nema gare ki shi ne ki riƙe bakinki daga zagi, ki ba kowa mutuncinsa, kamar yadda kike so a girmama mayafinki. Wadda ta tsaya min ranar da wani ya yi wa hijabina tsawa a cikin bas, 'yar ajinmu ce mai budurwa. Kuma su ma ba su tsira ba: a Mayun 2024, a unguwar Barracas, wani maƙwabci ya jefa kwalbar wuta cikin ɗakin da wasu mata huɗu 'yan maɗigo ke kwance, uku suka mutu. Duk abin da mutum ya yi imani da shi, ƙona ɗan Adam da ransa zalunci ne, ba ni da wata kalma.

Ƙananan abubuwa kuma. Gaisuwarsu sumba ce a kumatu, mace da namiji. Ki ɗora hannu a ƙirji ki yi murmushi, ki ce al'adarki ce. Sau ɗaya ake faɗa. Idan namiji ya bi ki da maganganu a titi, ba dole ki sunkuyar da kai ba, doka ta ɗauke shi cin zarafi. Wanda na fi ji miki tsoro shi ne mai taimakon nan da zai nemo miki ɗaki, ya riƙe fasfonki wai don adanawa, ko ɗan gida ne mai jin Hausa. Takardunki su zauna a hannunki, kuɗinki a asusunki.

Ra'ayina, ki zo. Karatu na farawa a Maris, sanyi kuma a Yuni da Yuli yake, ki taho da riguna masu kauri. Ranar Juma'a zan je masallacin Sarki Fahad da ke unguwar Palermo a nan Buenos Aires, ki ce wa Umma ta kira ni da bidiyo bayan an idar, ta ga sahun mata da idonta.