Likita, wai korona ba mura ba ce kawai aka canza mata suna?

Tambaya: Salam likita. Mun yi gardama da yayana a majalisa, shi yace korona da murar da ake yi lokacin hunturu duk abu ɗaya ne, turawa ne suka zuzuta ta. Don Allah in aka kwantar da mai wannan da mai waccan a asibiti akwai bambanci?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Akwai, amma inda gardamar ke samo asali shi ne mu a Hausa kalma ɗaya muke da ita, mura. Ta majina da atishawa da ake warkewa cikin 'yan kwanaki mura ce, infuluwenza wadda ke kwantar da tsoho har sai an sa masa oksijin ita ma mura muke ce mata, alhali wannan ta biyun tana kisa duk shekara. To da ita ake gwada korona.

A Faransa an ɗauki bayanan asibitocin ƙasar, masu korona 89,530 da aka kwantar a Maris da Afrilun 2020, aka gwada su da masu infuluwenza 45,819 na sanyin 2018 zuwa 2019. A masu korona kusan 17 cikin ɗari ne suka rasu, a masu infuluwenza kuwa kusan 6, wato ninki uku kenan. Waɗanda aka kai sashen kulawa ta musamman ma na korona sun fi daɗewa, kwana 15 su kuma kwana 8. Sai dai yara, a nan infuluwenza ce tafi kwantar da su nesa ba kusa ba.

Abinda ya fi ba mu wahala da korona shi ne yaudara. Infuluwenza da ƙarfinta take zuwa, zazzaɓi da ciwon jiki rana ɗaya kowa ya san mutum ba lafiya. Ita kuwa korona sai mutum yayi sati guda yana ganin ya fara samun sauƙi, a sati na biyu numfashi ya rikice, wani ma yana zaune yana hira da kai amma ka maƙala masa na'urar auna oksijin a yatsa ka ga oksijin ɗinsa ya yi ƙasa sosai shi bai ma ji ba. Ga daskarewar jini a jijiyoyi da taɓa ƙoda, duk sun fi yawa a korona. Magani ma ba ɗaya bane, infuluwenza Tamiflu ake ba da wuri, an fi so cikin awa 48 na farko, mai korona da ke kan oksijin kuwa dexamethasone aka gano a Birtaniya a Yunin 2020 tana rage mutuwa. Shi yasa muke nacewa a yi gwaji, don a ido ba ka rabe su.

Amma fa yayanka bai faɗi ƙasa warwas ba. Bayan rigakafi da kamuwar da jama'a suka yi, ratar ta ragu, a asibitocin tsoffin sojojin Amurka a sanyin 2022 zuwa 2023 kusan 6 cikin ɗari ne suka rasu a korona, kusan 4 a infuluwenza. In kuna da tsoho ko mai ciwon suga ko hawan jini a gida da tari ya haɗu masa da haki, ku kai shi asibiti a ranar kar a tsaya shan citta da kanumfari.