Kwaskwarima, gyara ko garambawul?

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto yana cewa: "Malam, ni da abokaina muna yin wasan nan na labari da ake zama a kewaye tebur, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya, jagora yana jan labarin. Mun ɗauko dokokin Dungeons & Dragons mun sassauya su don su dace da mu. Wace kalma ce ta dace da abin da muka yi? Kuma wani ya ce mana zanen aro ba ya rufe katara. Ya yi gaskiya?"

Ɗan'uwa, kalmomin uku ne, kuma abin da ya raba su shi ne zurfin da hannunka ya kai. Kwaskwarima a sama take tsayawa. Idan kun sauya sunayen garuruwa da dodanni, kun mayar da jarumin mai sulke ɗan lifidi, amma lissafin wasan yana nan yadda yake, kwaskwarima kuka yi. Gyara kuwa sai akwai abin da ya cije: wata doka tana ja muku lokaci, ko jarumai suna warkewa da sauri har faɗa ya daina ba kowa tsoro, sai kuka taɓa wannan dokar kaɗai.

Garambawul ita ce babba. A bakin makanikai, sauke inji ne a warware shi a sake haɗawa. Injin wannan wasa shi ne ƙwayar da ake jefawa mai fuska 20, a ƙara mata makin jarumi a ga ko an kai adadin da ake nema. A wannan ƙwayar kowace lamba rabonta ɗaya ne, kashi 5 cikin 100. Idan kuka musanya ta da ƙwaya biyu masu fuska 6 irin na ludo, kamar yadda wasan Apocalypse World na 2010 yake yi, lissafi ya juya gaba ɗaya: 7 tana fitowa ta hanya 6 cikin 36, 12 kuwa ta hanya ɗaya tak. Ƙarin maki ɗaya da a da ba a damu da shi ba yanzu ya yi nauyi. Wanda ya yi wannan sauyi ya bar sauran dokoki yadda suke, shi ake cewa ya yi gyaran gangar Auzinawa, wato gyaran da ya fi ɓarnar farko muni. Shawarata ita ce ku sauya abu ɗaya, ku buga da shi zama biyu ko uku, sannan ku taɓa na gaba, kuma kowa a teburin ya san sauyin tun kafin a fara.

Sai batun zanen aro. Katara ita ce gefen cinya ta wajen ƙugu, kuma karin maganar tana nuni da abu biyu: kayan aro ba don kai aka yi su ba, sannan mai su yana iya zuwa ya karɓe. Ɓangaren farko bai kama ku ba, domin aunawa da jikinku shi ne ainihin aikin da kuke yi. Shi kansa wasan haka aka haife shi. Dave Arneson ya ɗauko dokokin wasan yaƙi na Chainmail, wanda Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar a 1971, ya mayar da hankali daga runduna zuwa jarumi guda, daga nan shi da Gygax suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974. Wasan Pathfinder na 2009 ma daga dokokin Dungeons & Dragons aka gina shi.

Ɓangare na biyu kam yana da gaskiya, amma ga masu bugawa su sayar. Kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya mallaki wasan, ya buɗe ƙofar aron dokokin da lasisi a 2000, a Janairun 2023 ya nemi sauya sharuɗɗan, jama'a suka yi ca, sai ya janye ya saki tushen dokokin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ke ba kowa damar amfani da su. In kuna da niyyar wallafa naku, ku fara karanta lasisin. In kuwa a zaure kuke bugawa tsakaninku, babu mai zuwa karɓar zanen.