Amsa: Sai na daina tuwo kafin ƙibata ta ragu?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya ko sai kin bar tuwo da shinkafa gaba ɗaya, da kuma ko shayin rage tumbi da ake talla a Facebook yana aiki.

Shayin nan dai ki bar kuɗinki a jaka. Da yawansu gudawa suke sa mutum ko yawan fitsari. Ruwa kike zubarwa, kitsen yana nan daram.

Tuwo kuwa ki ci, amma malmala ɗaya madaidaiciya, miyar kuka ko taushe ta fi shi yawa. Inda aka fi samun matsala shi ne mai. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), na sitaci irin na tuwo da shinkafa 4 kacal, cokali ɗaya babba na man gyaɗa ko manja kusan 120 ne. To ki duba yadda muke kwarara shi a wake da shinkafa, ga ƙosai da fanke da soyayyar doya da safe. Ki riƙa aunawa da cokali, ki ajiye ludayi.

Sai abin sha. Kwalbar lemo mai 50cl tana da sukari wajen giram 50, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babban mutum a yini guda. Zoɓo da kunun aya ma, in an zuba musu sukari, duk kanwar ja ce.

Ki yawaita wake, zogale, rama, ƙwai da kifi, suna riƙe ciki. In nauyinki yana raguwa da rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, ya wadatar. In kina shan maganin ciwon suga, ki ga likita kafin ki rage abinci, kada sugan ya faɗi.