Takarda ta yi wa shafi nauyi: yadda ake matse ta ba tare da an lalata hatimi ba

Wani ɗan'uwa da ke aiki a Toronto ya rubuto cewa yana cike takardun ɗauko iyalinsa, sai shafin hukumar shige da fice ta Kanada ya ƙi karɓar abin da ya ɗora, aka ce masa ya yi "compress". Takardar auren da ƙaninsa ya turo daga Kano ta WhatsApp kuma ta iso dishi-dishi.

Malam, abin da ake so kawai shi ne ka matse fayil ɗin, ka rage masa nauyi. A asusun IRCC, wato hukumar shige da ficen Kanada ɗin, megabayit 4 ne iyakar kowane fayil. Amurka ta fi tsanani wajen hoton biza, domin kada ya wuce kilobayit 240.

Matsewa iri biyu ce. Akwai ta ZIP, wato ƙunshe fayil cikin matsattsiyar jaka a kwamfuta, wadda ba ta zubar da komai, sai dai ba ta rage wa hoto wani abin kirki, kuma irin waɗannan shafuka PDF ko JPG suke nema. Ɗayar kuwa ɓangaren ingancin hoton take zubarwa, kuma abin da ta zubar ba ya dawowa. Wannan ce ta sami takardar aurenka, don WhatsApp da kansa yake matse duk abin da aka tura a matsayin hoto. In ka sake matse shi, hatimin kotu zai koma kamar tabon man ja, jami'in da bai iya karanta lamba ba kuma ba zai tsaya yi maka hasashe ba.

Don haka daga Kano za a fara gyaran. Ƙanin naka ya kai takardar shagon kwamfuta a yi mata sikanin mai launi a kan dpi 300 (dpi shi ne ma'aunin ingancin sikanin), ya turo a matsayin dokumen. Ka adana wannan asalin, kada ka taɓa shi. Kwafinsa za ka sauke zuwa dpi 150 ko 200, sannan ka zuƙo shi a kan allo, ka duba kwanan wata da sa hannu da ƙananan rubutun ƙasa.

Shafukan matsewa na kyauta kuwa, ni dai ban yarda a ɗora musu fasfo ba. Ba ka san hannun da zai faɗa ba. Yi a kwamfutarka, ko ka sake sikanin a laburaren unguwarku.