Tambayi Likita: Wai asibitin koyarwa wurin mutuwa ne?

Tambaya: Likita, waɗanne cututtuka ne suka fi kwantar da manya a asibitin koyarwa?

Amsa: Shanyewar ɓarin jiki, gazawar zuciya, ciwon sukari da ya rikice, da ciwon ƙoda. Tarin fuka, ƙanjamau da ciwon huhu ma suna nan. Idan ka bi diddigin na farkon nan, sau da yawa hawan jini za ka tarar a gindinsu.

Tambaya: An auna ni 150/95, amma ni garau nake jin kaina.

Amsa: Hawan jini ba ya sallama, Malam. Daga 140/90 zuwa sama, in awon ya maimaita, ka je ka ga likita.

Tambaya: Jiya bakin mahaifinmu ya karkace, hannunsa na dama ya mutu. 'Yan'uwa sun hana a kai shi asibitin koyarwa, wai wanda ya shiga gawarsa ake fitarwa, kuma ɗalibai ne ke koyon aiki a jikin mutum. Muna ta ɗura masa magani a gida.

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye wayar nan ku ɗauki Baba zuwa asibiti yanzu, sauran bayanin ka karanta a hanya.

Kuma don Allah ku daina ɗurar nan! Wanda ɓarin jikinsa ya shanye sau da yawa ba ya iya haɗiya daidai. Abin da kuka zuba sai ya sauka huhu, ya jawo ciwon huhu, wanda shi kansa yana kashewa. Kada a ba shi asfirin ma. Shanyewar iri biyu ce: ko jijiyar jini ta toshe a ƙwaƙwalwa, ko ta fashe. Hoton ƙwaƙwalwa kaɗai ke bambancewa, kuma in fashewa ce asfirin ƙara zubar jinin zai yi. Masu tsattsaga yatsun majinyacin da allura wai don a warkar da shanyewar kuwa, ban san inda suka samo wannan ba.

Maganar yawan mutuwa gaskiya ce, amma ku dubi dalili. Asibitin koyarwa shi ne zangon ƙarshe, can ƙananan asibitoci ke tura wanda ya gagare su. Ga kuma waɗanda aka ajiye a gida har rai ya kai ga maƙoshi. Shi ya sa da yawa ke rasuwa a kwanakin farko na kwanciya, sai dangi su koma suna cewa asibiti ne ya kashe shi. Na gaba ya ji tsoro, shi ma ya makara.

Ɗalibai kuwa ba su yanke hukunci kan magani, manyan likitoci ne ke yi.

Maganin narkar da gudan jini yana aiki ne cikin awa 4 da rabi daga farawar alamu. Baba ya wuce wannan, amma akwai sauran aiki: daidaita jininsa da sukarinsa, ciyar da shi ta bututu in haɗiya ta gagara, da gashin ƙashi, wato motsa gaɓoɓin da suka shanye. Ku kai shi yau, ku tafi da duk magungunan da yake sha.