Salon tsakiyar ƙarni ko na Sikandinebiya: wanne zan sa a falona?

Tambaya: Malam, muna shirin tarewa a sabon gida a Kaduna. Kafinta ya nuna min hotunan kujeru iri biyu, ya ce ɗaya salon Amurka ne na tsakiyar ƙarni na 20, ɗaya kuma na Sikandinebiya. Ni kam ban ga bambanci ba. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Hajiya, idonki bai yaudare ki ba, dangin juna ne. Daga 1954 zuwa 1957 an zagaya Amurka da Kanada da baje kolin kayan ɗaki na Denmark, Sweden, Norway da Finland, ƙasashen arewacin Turai da ake kira salonsu na Sikandinebiya, Amurkawa suka ɗauki abubuwa da yawa daga ciki. Shi kansa Eero Saarinen, ɗaya daga cikin manyan masu zanen salon Amurka, wanda ya zana wa kamfanin kayan ɗaki na Knoll kujera mai ƙafa ɗaya, a Finland aka haife shi.

Haske ne ya raba salon biyu. A watan Disamba, yinin Stockholm, babban birnin Sweden, wajen awa 6 ne kacal. Shi ya sa mutanen can suke shafa wa bango farin fenti, su zaɓi katako mai haske, labule kuma shara-shara, don ɗan hasken da ya shigo ya wadaci ɗaki. Amurkawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba su da wannan damuwa. Sun fi son katako mai duhu, fata, roba da ƙarfe, da launi mai ƙarfi irin ruwan goro. Dubi kujerar hutawa da Amurkawa Charles da Ray Eames suka zana, ta 1956, baƙar fata a kan lanƙwasasshen katako.

To ke a Kaduna rana ba ta yi miki rowa ba, ƙura ce abokiyar gabarki. Farar kujera da farin kafet, mako guda na hunturu ya isa ya tona musu asiri, balle in akwai yara. Da ni ne, na Amurka zan ɗauka a falo. Madaci yana ba da wannan ja-ja mai duhu, kafintocinmu sun san hannunsa, kuma siraran ƙafafun salon suna ɗaga kujera sama, tsintsiya ta shige ƙarƙashi. Sai dai ki ja wa kafinta kunne ya ƙarfafa mahaɗar ƙafafun, don nan suke fara karyewa in baƙi sun yi yawa.

In falon ƙarami ne, tagarsa na kallon katangar maƙwabta, sai ki ari farin bangon Sikandinebiya, ki bar kujerun da duhunsu.