Tambaya da Amsa: Gidan tol haɗe da shagon aiki, wane ƙwarangwal ya dace?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gyaran babura da injin ban ruwa, kuma na samu fili a bayan unguwar Karkada a Damagaram. Ina son in tada gini na tol, mita 6 a faɗi, 12 a tsawo, rabi wurin kwana, rabi shago. Wani mai walda ya ce tub kare (bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu) ta isa, wani ya ce sai IPN (ƙarfe mai kauri da bakinsa ke da siffar harafin I), dattijon unguwarmu kuma ya ce in kafa katako in huta. Wanne zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Katako dai mu ajiye shi gefe. Gara ba ta barin ginshiƙin da ya taɓa ƙasa a Damagaram, kuma kana aiki da fetur da tartsatsin walda.

IPN ƙarfe ne na gaske, amma a faɗin mita 6 ɓarnar kuɗi ce a yi dukan ginin da shi. Rufin tol ba shi da nauyi. Abin da ke kayar da irin wannan gini a nan iska ce, wadda ke zuwa gaban hadari daga gabas tsakanin Yuni da Satumba. Sama take ɗaga rufi, kamar ana cire hula. Saboda haka ƙarfin ginin yana wurin haɗi: tol da sandar da yake kwance a kai, sanda da ferm (ƙwarangwal mai kusurwa uku da ke ɗauke da rufi), ferm da ginshiƙi, ginshiƙi da ƙasa. Inda ɗaya ya yi sako-sako, nan za a fara.

Shawararmu tub kare, da sharaɗin kauri. Ginshiƙai su zama milimita 80 da 80, kaurin milimita 3, a jera su kowace mita 3. Zai ba ka ginshiƙi goma, biyar kowane gefe, kuma da yake sandar tub tana zuwa kusan mita 6, sanda biyar ta ishe ka idan tsayin mita 3 ne. Ka je kasuwa da ma'aunin kauri a aljihu. Tub mai milimita 1.2 da mai 3 kamarsu ɗaya daga nesa, sai an ɗaga ake jin bambanci. Siririyar ta ƙofa da taga ce. Wutar walda na huda ta, mai aiki ya cike ramin da ɗigon ƙarfe ya shafe da fenti, kai kuma ka ɗauka an haɗa.

A kan kowane ginshiƙi biyu a ɗora ferm, wato ƙwarangwal mai kusurwa uku, na korniyer (ƙarfe mai siffar harafin L) mai faɗin milimita 40 da kaurin milimita 4, tsakiyarsa ta tashi kamar santimita 80. Sandunan da tol ke kwanciya a kai, tub 60 da 40 mai milimita 2, a kafa su ta tsaye, tazarar kada ta kai mita ɗaya. Layi biyar kowane gangare, sanda ashirin da ɗoriya ke nan. Tol ɗin kada ya gaza milimita 0.35, a ɗaure shi ta kan tudun da ƙugiya ko ƙusa mai zare da roba, a ninka yawansu a gefuna da kusurwoyi, domin nan iska ke fara ɓamɓara.

Kuskuren da muka fi gani yana ƙafar ginshiƙi. Ana tona rami, a cusa tub, a zuba kankare. Ruwa na taruwa daidai bakin simintin, tsatsa ta ci ƙarfen a ɓoye, wata rana a taɓa shi da guduma ya huje. Ka zuba tushe na santimita 50 da 50, zurfin 70, ya ɗara ƙasa da taƙi ɗaya, da bulon (ƙarfe mai zare da noti) na milimita 14 guda huɗu masu lanƙwasa a cikinsa. A walda farantin ƙarfe mai milimita 8 a gindin ginshiƙi, a ɗaure shi a kai. Idan ka ci karo da dutse, abin da ba baƙo ba ne a garin nan, a huda dutsen a dasa rodi, kada a ce tunda ƙasa ta yi tauri a bar tushen ya zama ɗan tsugul.

Sai gicciye. Ƙwarangwal mai kusurwa huɗu yana karkacewa ko da waldarsa ta yi kyau. A ja rodi mai milimita 12 daga kusurwa zuwa kusurwa, biyu su gitta, a gaɓar farko da ta ƙarshe ta jerin ginshiƙan, a bango da cikin rufi. Masu walda da yawa na tsallake wannan don yana tare wurin taga. Ka matsar da tagar.

IPN ɗaya za ka saya, na shago, idan kana son rataya sarƙar ɗaga inji. Ya zauna kan ginshiƙansa na kansa, girmansa kuma nauyin da za ka ɗaga ne zai faɗa, don haka ka nuna wa injiniya kafin ka saya. Kada ka rataya komai a jikin ferm. Babbar ƙofar shagon ta kalli yamma ko kudu, domin ƙofa buɗe a gabas tana cika ɗaki da iska ta tura rufi daga ciki.

Tsakanin shago da wurin kwana, bangon bulo mai kaurin santimita 15 za ka ja har ya taɓa tol, ba tare da gibi ba, saboda wuta da warin fetur. A ɓangaren iyali kuwa, tol tsirara a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, tanderu ne. Ka sa silin, ka bar rata tsakaninsa da rufi, da ƙofofin iska masu raga a ƙarshen ginin biyu. A goge kowace walda a shafa jan fentin hana tsatsa kafin a ɗora tol, tunda bayan an rufe hannu ba ya kai wa saman sandunan.